Gwiwar da Na Bari a Greensboro

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba da ciwon kuma ya ba da abin da ya rage na lafiya. Duk wanda ya gan ni ina jefa ƙafar dama sai ya tambaya, ni kuwa amsa ɗaya nake ba kowa: mota ce ta buge ni. Ba ƙarya nake yi ba, sai dai rabin labarin ke nan. Mota ta ɗauki ƙafata daga tsakiyar ƙwauri zuwa ƙasa. Gwiwa kuwa ni na ba da ita da hannuna, kuma a kan wannan nake son yin magana da 'yan'uwa masu zuwa karatu ƙasar nan su kaɗai.

Sunana Isyaku, mutumin Malumfashi. A farkon shekarun tamanin gwamnatin jiharmu ta turo ni Greensboro karatun injiniyan noma. Ɗaki ɗaya na kama a East Greensboro, kusa da makaranta. A lokacin Hausawan da na sani a garin nan mu uku ne cif: ni, da Malam Habibu mutumin Zariya wanda ke haɗa karatun digiri na uku da koyarwa, sai matarsa Anti Rabi. In ka ji Hausa a Greensboro, to ɗayanmu ne ya buɗe baki.

A hunturuna na biyu abin ya faru. Wata Asabar da la'asar na je titin Wendover sayen hita, don ɗakina ya zama firij. Ba ni da mota, kuma wanda ya san Wendover ya san ba a yi titin don mai tafiya a ƙasa ba. Ina rungume da kwali a gefen hanya, ƙanƙara ta daskare a kan kwalta, wata mota ta zame ta taho kaina a karkace. Na ga fuskar matar da ke tuƙi, bakinta a buɗe. Daga nan ban san komai ba sai bayan kwana biyu.

Mako na farko

Likitan ƙashin da ya yi mini aiki dogo ne, mai sanyin hannu, ba ya son dogon zance. Ya jawo kujera ya zana mini ƙafa a bayan wata takarda, ya ja layi a ƙasan gwiwa. Ya ce sun daɗe a ɗakin tiyata suna fama don kada su hau sama da layin nan. Mai gwiwa, in ji shi, in an sa masa ƙafar roba zai yi tafiya kusan kamar kowa, wanda ba shi da ita kuwa wata rayuwa ce daban. Amma fatar da suka rufe dungun da ita sirirya ce, harhaɗa ta aka yi, ba ta son wahala ko kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Ni na yi nawa. Yanzu ka taya ni mu riƙe gwiwar nan."

Abu ɗaya na tambaye shi. Na ce zan iya durƙusawa in kai goshina ƙasa? Ya gane salla nake nufi, ya ce in dai gwiwar tana nan zan iya. Tun daga ranar na daina tunanin ƙafar da ta tafi, hankalina ya koma kan gwiwa.

Malam Habibu ya zo ido jajir. Bayan ya yi mini addu'a sai ya sassauta murya ya ce, "Isyaku, shawarata kada gida su ji tukuna. Inna ta manyanta, in labarin nan ya same ta a wasiƙa ban san abin da zai faru ba. Ka bari sai ka miƙe." Na yarda. Na ci gaba da aika wa yayana wasiƙa a shuɗiyar takardar jirgi ina cewa karatu lafiya, sanyi ne kawai ya dame mu.

Mako na biyu da na uku

Asibitin yana da tsabta, ba zan ci amanarsu ba. Ana canza mini zanin gado kullum, allura ba ta wuce lokacinta, ban taɓa jin an daka mini tsawa ba. Amma ban taɓa sanin shiru yana da nauyi ba sai a can. A gida in aka kwantar da mutum, dangi ne za su cika baranda da tabarmi da kwanukan samira, wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo labarin kasuwa, har maras lafiya ya roƙi a bar shi ya huta. Ni kuwa labule ne a damana, talabijin a sama, sai taga mai kallon wajen ajiye motoci. Malam Habibu yana zuwa Juma'a da Lahadi, iyakar abin da aikinsa ya bar shi ke nan. Anti Rabi tana da goyo, ga aiki a wani kanti. Sai in yi kwana huɗu ban ji kalmar Hausa ba, har na kan yi magana da kaina don in ji ta.

Ga ƙaiƙayi a babban yatsan da babu shi. In miƙa hannu zan sosa, in tarar da bargo.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Kowace safiya nas za ta zo da allonta ta tambaye ni yaya jiki. Mu kuwa an san amsarmu. Mahaifina a ranar da zai rasu liman ya ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Haka aka rene mu, namiji ba ya kwanciya yana lissafa wa mutane inda ke masa ciwo, rashin godiya ne kuma abin kunya. Don haka ni ma kullum sai in ce da sauƙi, da Turanci, har da murmushi. Abin da ban lura da shi ba, rubutawa take yi. A gida ba wanda ke ɗaukar maganar maras lafiya da gaske. Zai ce da sauƙi, likita ya juya wajen mai jinya, ita kuma ta ce, "Ƙarya yake yi, likita, jiya bai runtsa ba, ko kunun bai sha ba." Aikin mai jinya ke nan, maras lafiya ya riƙe mutuncinsa, ita ta faɗi gaskiya. Ni na riƙe nawa ɓangaren da kyau, ɗaya ɓangaren ne babu kowa a kai.

A mako na uku farfesan da ke duba aikina ya zo gaishe ni daga gidansa na Irving Park. Dattijo ne, a zamanin yaƙin duniya na biyu gyaran jiragen sama ya yi. Ya miƙo mini wani littafi mai kauri, tarihin wani Bature matuƙin jirgin yaƙi da ya rasa ƙafafunsa duka biyu, amma ya koma ya tuƙa jirgi ya yi yaƙi. Ya ce an yi fim a kansa, kuma an ci sa'a za a nuna shi a talabijin ranar Lahadi da rana. "Shi biyu ya rasa," in ji farfesa, "kai ɗaya ce, kuma ga gwiwarka." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, har yau ban riƙe shi da komai ba.

Na kalli fim ɗin ni kaɗai, baƙi da fari ne. Na ga mutumin an sa masa ƙafafun ƙarfe, ya miƙe ya faɗi, ya miƙe ya faɗi, ana miƙa masa sanda yana turewa. Kafin shayina ya huce har ya fara tafiya. Can sai ga shi yana rawa da wata mace, can kuma ga shi a sama yana kakkaɓo jiragen abokan gaba, kiɗa yana tashi. Wallahi na yi kuka, nas ta leƙo na ce mura ce. Na ce a raina, wannan Bature da bai san zafin rana ba ya yi haka, balle ni da na tashi a bayan garma? Littafin kuwa ban buɗe shi ba. Rubutun ƙanana ne, kuma ai na riga na ga labarin, sai na mayar da shi abin ɗora kofi.

Mako na biyar zuwa na takwas

Aka sallame ni da sandunan hammata. Malam Habibu ya samo mini ɗaki a ƙasa, ya kwaso kayana, Anti Rabi ta cika mini firij da miyar kuka da ta yi da garin da aka aiko mata daga Zariya, wanda ita kanta lallaɓa shi take yi. Allah ya saka musu.

Sau biyu a mako motar asibiti tana zuwa ta kai ni sashen masu ƙafar roba. Layin can daban yake da namu. Kujeru ne a jere, yawancin masu jira samari ne da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, wani ba hannu, wani ba ƙafa, kowa ya zuba wa bango ido. Sai mu yi awa biyu a zaune ba wanda ya ce wa wani sannu. Na taɓa gwada gaishe da na kusa da ni, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu.

Wadda ke koya mini tafiya wata baƙar fata ce mai jiki, Misis Dora, 'yar unguwarmu ce ma ashe. Mista Aizak take kirana, na gaji da gyara mata na bari. Ranar da aka ba ni ƙafar gwaji ta kafa mini doka: awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, sannan in cire. Ta ba ni wani ɗan madubi ta ce kullum in duba ƙasan dungun da shi, in na ga ja wanda bai washe ba, in buga mata waya a take, ko da ranar Lahadi ce. Na karɓi madubin ina dariya a ciki. Ni Isyaku, da gemuna, in zauna ina leƙen jikina da madubi kamar mai shirin zuwa biki? Na jefa shi a aljihun tebur.

Ranar farko na bi doka. Rana ta biyu na yi awa huɗu. Kafin mako ya zagayo, tun asuba nake ɗaura ƙafar sai zan kwanta nake cirewa. Na jingine sandunan a bayan ƙofa. In na faɗi a tsakar ɗaki sai in tuna mutumin fim, in dafa kujera in tashi. Har makaranta na fara zuwa a ƙasa, tafiyar da mai lafiya zai yi a minti goma ni in yi ta a arba'in, zufa tana karyo mini a cikin sanyin nan. Misis Dora tana mamakin saurin da nake yi. In ta ce in naɗe wando ta duba, sai in ce na duba da safe, lafiya lau. Kunya ma tana ciki, ban saba buɗe cinya a gaban mace ba. Sau biyu ta matsa ta gani, ta ga ja, ta yi mini faɗa, na yi mata alkawarin ƙarya.

Mako na tara da na goma

Wani bororo ya fito a daidai inda ɗinkin ya haɗu. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce gobe zai bushe. Ya fashe, safar da nake sa wa dungun ta fara mannewa, in zan cire sai na jiƙa ta da ruwan ɗumi ina cije leɓe.

Da Anti Rabi ta bugo waya na ce mata ɗan ƙurji ne ya fito mini. Ta ce, "Ayya Isyaku, ba komai ba ne, gogar roba ce. Ka gasa da ruwan zafi ka shafa man kaɗanya, in akwai zuma ka ɗiga. Zan ba Malam ya kawo maka a weekend. Amma ka gaya wa doctor fa." Na ce to. Man kaɗanyan na shafa, zumar na ɗiga, maganar likita ce na bari a cikin wayar. Ba laifinta ba ne, ƙurji na ce mata, maganin ƙurji ta ba ni.

Dalilin ɓoyewar ba wani mai zurfi ba ne. Na san in Misis Dora ta gani za ta karɓe ƙafar ta mayar da ni kan sanduna, wataƙila wata guda. Ni kuwa na riga na sa wa raina Juma'a mai zuwa zan shiga sahu da ƙafafuna. A wani ɗaki na makaranta muke sallar Juma'a, mu kamar ashirin, Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amirka da mu. Tun hatsarin a kan kujera nake salla ina nuni da kai, kuma abin yana cin raina fiye da yadda zan iya faɗa. Sai na buga asibiti na ce ina da jarrabawa, ba zan samu zuwa ba a makon, amma jiki da sauƙi sosai.

Na je Juma'ar. Na shiga ba sanda, na tsaya a sahu, na yi ruku'u. Da aka tafi sujada na sauke gwiwar hagu, na sauke ta dama a hankali, na kai goshina kan kafet. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin sujada irin wannan ba, ko kafin ko bayan. Na ji wani abu mai ɗumi yana bin cikin robar, na san ko mene ne, na ƙi kulawa. Da aka sallame mutane suka yanyame ni. Wani Balarabe ya sumbaci goshina. Malam Habibu ya riƙe hannuna yana dariya yana cewa, "Kai, namijin duniya! Ai kai ma sai a ba ka jirgin." Na koma ɗaki na zare ƙafar, safar ta rine da jini da mugunya, ga wani wari da ban san shi ba. Na wanke, na shafa mai, washegari na sake ɗaurawa.

Mako na goma sha biyu

Ranar Talata zazzaɓi ya kayar da ni. Gwiwar ta kumbura ta yi sheƙi, ko bargo ba na so ya taɓa ta. Waya tana kan tebur, taku uku daga gado, na kwana uku ina kallonta. Da farko girman kai ne ya hana ni, daga baya kuma ƙarfin tashi ne babu. Ina jin motoci suna wucewa, ina jin maƙwabcina yana buɗe ƙofa yana rufewa, ba wanda ya san akwai mutum a ciki. A nan ne na ji tsoro na gaske, na ce haka zan mutu a ɗakin haya, Inna tana can tana cewa ɗanta yana karatu.

Da Malam Habibu bai gan ni a masallaci ba ranar Juma'a sai ya biyo. Yana da makulli. Yana turo ƙofa ya tsaya cak ya ce, "Inna lillahi. Isyaku, wannan warin fa?" Bai jira amsa ba, ya yaye bargon, ya mayar, ya ciccibe ni kamar buhu ya sa a mota sai asibiti.

Likitan nan dogo ya kwance ƙullin da na yi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauko fayil ɗina ya fara karantowa, rana bayan rana, abin da na faɗa wa nas da abin da na faɗa wa Misis Dora da abin da na faɗa a waya. Duk abu ɗaya ne. Ya rufe ya ce, "Ciwon nan ya fi mako uku. Me ya sa ka ce mana kana samun sauƙi?"

Malam Habibu ne ya yi ƙoƙarin fitar da ni, ya ce a wurinmu haka maras lafiya yake amsawa, ko yana bakin mutuwa, ladabi ne.

Likita ya ce, "To a wurinku wa ke gaya wa likita gaskiya?"

Malam ya ce, "Wanda ke zaune a bakin gadon."

Likita ya dubi kujerar baƙi da ke gefen gado, ya dubi Malam. Malam Habibu ya fita baranda, na jiyo shi yana fyace hanci. Har yau yana ɗora wa kansa laifi, ni kuwa na sha gaya masa mutum ɗaya ba zai zama dangi guda ba, ga karatu ga aiki ga iyali.

Mako biyu na ƙarshe

Sun yi iya yinsu, wannan shaida zan ba su ko a gaban wa. Ƙarin ruwa dare da rana da magani a ciki, sau uku ana shiga da ni tiyata ana wanke ciwon ana yanke ruɓaɓɓen nama. Kalmar da na riƙe daga bakin likita ita ce infekshan, wato ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon, ya ce in ya tsaya a nama za mu tsira da gwiwar, in ya shiga ƙashi sai haƙuri. Misis Dora ta hawo ta duba ni a lokacin hutunta. Na zaci faɗa za ta yi, har na shirya. Ta gyara mini matashi kawai ta ce, "Mista Aizak, da ka kira ni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A kwanakin nan na jira ne na buɗe littafin farfesa, don Malam ya haɗo shi cikin kayana kuma ba ni da abin yi. Na karanta shi tas. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe abin da fim ya nuna kafin shayi ya huce, a littafi watanni ne masu yawa na kwanciya. Ashe shi ma dungunsa ya sha yin rauni, ya cire ƙafafun ya jira ya warke. Ya yi ihu don zafi, ya yi wa masu jinyarsa rashin kunya, ya gaya wa masu ƙera ƙafar inda take cizonsa suka gyara. Kuma kusan kowane shafi akwai wani a kusa da shi, ko nas, ko aboki, ko na gida. Masu fim sun kwashe duk wannan sun zubar, don ba wanda zai zauna kallon mutum yana kwance yana jiran ciwo ya bushe. Sun bar mini tashi da faɗuwa da kiɗa, ni kuma na ɗauka darasin ke nan. Jarumtarsa gaskiya ce, ban rage masa komai ba. Ni ne na kwaikwayi awa biyun fim na bar watannin.

Ranar Litinin likita ya shigo da hoton ƙashi, ya ɗaga shi a taga ya nuna mini wani duhu. Bai zana mini komai ba a wannan karon. Na sa hannu a takarda, aka yanke a tsakiyar cinya.

Bayan na farfaɗo na ce wa Malam ya kawo takardar jirgi. Na rubuta wa yayana komai, na ce ya karanta wa Inna, kada ya rage. Amsa ta ɗauki kusan wata guda. Yaya ya cika shafi da addu'a da faɗa da shawarar wani mai magani a Funtuwa. A ƙarshe ya ce Inna ba ta yi kuka a gabansu ba, tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa, wai wa ke zaune da shi. Na ninke wasiƙar na ajiye.

To 'yan'uwa, ga abin da na ce zan gaya muku. In ciwo ya same ku a ƙasar nan, ku sani abin da kuka faɗa shi za a rubuta, kuma da shi za a yi muku aiki. Ba mai karanta fuska, ba gwaggon da za ta ƙaryata ku. Ku ajiye ta maza a bakin ƙofar asibiti, ku ce nan ke ciwo, tun jiya, kamar ana soka mini allura. In kuma ɗan'uwa ne ya kwanta, kada ku tsaya a yaya jiki. Ku yaye bargon ku gani da idonku, ko zai ji haushi.

Na gama karatuna, a makare. Ina tafiya da ƙafar da ke da gwiwar ƙarfe, tana ƙara in sanyi ya yi. Salla kuwa a kujera, har gobe.

Abu ɗaya ya rage. Ashe kafin aikin na biyu Malam Habibu ya je ya sami likita ya ce abin da za a yanke a ba shi, a addininmu binnewa ake yi. Na farkon bai san da shi ba sai da asibiti suka riga suka yi yadda suke yi, wannan kuwa ya ce ba zai bari ba. Sun yi ta kai da kawowa da takardu, daga ƙarshe wani dattijo Kirista mai sana'ar binne mutane a East Greensboro ya karɓa da sunansa, ya ba shi wani ɗan gefe a maƙabartarsu kusa da shinge. Malam ya yanki farin yadi daga sabuwar shaddar da ya ajiye don Salla, ya naɗe, ya haƙa da kansa ya rufe, shi kaɗai. Bai gaya mini ba sai da na fara takawa.

Da bazara ta yi ya kai ni. Ciyawa ta riga ta rufe wurin, sai wani ɗan dutse da ya sa alama. Na tako har gabansa da sanda. Jikina ya yi abin da ya saba yi a bakin kabari tun ina yaro, na tafi zan tsuguna. Ƙafar ƙarfen ta ƙi, na yi tangal-tangal, Malam ya cafe ni ta hammata ya tsayar da ni. Ya ce, "Riƙe kafaɗata." Na dafa shi, ya tsuguna a madadina, ya sa hannu yana cire ciyawar da ta hau kan dutsen, ni ina tsaye a kansa ina kallo.